Idan Allon Arduino ko ESP32 Ya Ƙi Karɓar Shiri Daga Kwamfuta

Ka gama rubuta shirinka, ka danna kibiyar Upload, ka jira, sai jajayen rubutu suka cika ƙasan Arduino IDE: "avrdude: stk500_recv(): programmer is not responding". Ko kuma ESP32 ne a gabanka, kalmar "Connecting" ta yi ta jan ɗigo-ɗigo har ta ƙare da "Failed to connect". A daidai nan ne masu koyo da yawa, musamman ɗaliban da aikin kammala karatu ya matse su, suke yanke hukuncin cewa allon ya ƙone, su koma kasuwa su sayo wani. Mafi yawan lokuta allon lafiyarsa ƙalau, kuma sabon da aka sayo zai yi irin gardamar da na farko ya yi.

Tsakanin kwamfutarka da maikurokontirola, wato babban guntun da ke gudanar da shirin a kan allo, akwai sarƙa mai zobba da yawa. Manhajar IDE tana buɗe tashar COM, wato ƙofar da kwamfuta ke magana da allo ta cikinta, tashar tana bi ta direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura, direba yana magana da ramin USB, daga nan sai kebul, sai ƙaramin guntun da ke kan allo mai juya harshen USB zuwa siginar siriyal, sai layuka biyu na RX (karɓa) da TX (aikawa) tare da layin sake kunnawa, a ƙarshe kuma butloda, wato ɗan shirin da ke zaune cikin babban guntu yana jiran sabon shiri. Zobe ɗaya ya tsinke, aiki ya tsaya. Hanyar da take fitar da mutum ita ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga ɓangaren kwamfuta, kuma kada ya canza abu biyu a lokaci guda. Wanda ya canza kebul da direba da allo a tare, ko aikin ya yi, bai san abin da ya gyara ba, gobe matsalar za ta dawo masa.

Fara da karanta abin da na'urar ta faɗa

Shiga File, sannan Preferences, ka sa alama a "upload" wajen da aka rubuta "Show verbose output during". Sake loda shirin. Yanzu IDE za ta nuna maka duk abin da ke faruwa: tashar da ta buɗe, saurin da take magana da shi, da inda ta tsaya. Ka gangara sama ka karanta kuskuren farko, domin na ƙarshe sau da yawa sakamako ne kawai.

Saƙonnin kusan kashi uku ne. Idan ka ga "can't open device" tare da "The system cannot find the file specified", ko kuma Port ɗin da ke ƙarƙashin Tools ya dushe ba ya dannuwa, to kwamfutar ba ta ma ga allon ba, matsalar tana kebul ko direba. Idan ka ga "Access is denied", ko "Permission denied", ko "Resource busy", kwamfutar ta ga allon amma an hana ta shiga. Idan kuwa "not in sync" ne ko "programmer is not responding", an buɗe tashar, an yi sallama, guntun ne bai amsa ba. Sanin wanne ne daga cikin ukun nan ya rage maka rabin wahala.

Kebul

Zan daɗe a kan kebul, saboda shi ne ya fi cin lokacin mutane, kuma shi ne ba a zargi. Kebul ɗin USB na gaskiya yana da wayoyi huɗu a ciki: biyu na wuta, biyu na bayanai da ake kira D+ da D-. Da yawa daga cikin kebul masu araha da ke zuwa da fitilar caji, da ƙaramar fanka, da bankin caji, wayoyi biyu na wuta kaɗai ke cikinsu. Ka soka irin wannan a Nano ko ESP32, fitilar wuta za ta kama, tsohon shirin da ke ciki zai tashi ya ci gaba da aiki, kai kuma ka ce ai kebul yana yi. Wutar da ta kama ba ta tabbatar da komai ba face akwai 5V.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka haɗa wayar salularka da kwamfuta da wannan kebul ɗin. Idan wayar ta tambaye ka ko kana son tura fayil, kebul ɗin na bayanai ne. Idan caji kawai ta fara, ajiye shi gefe. Da zarar ka samu mai kyau, ɗaura masa ɗan salatif ko zare mai launi, ya zama na aikin allo kaɗai, kada ya shiga cikin na cajin gida.

Akwai kuma kebul da ke da wayoyi huɗun amma sirara ne ƙwarai ko ya yi tsawo, ko bakinsa ya saki. Alamarsa ita ce allon ya bayyana ya ɓace, Windows ta yi ta ƙarar haɗuwa da rabuwa, musamman idan ka taɓa wayar. Gajere mai kauri ya fi. Soka shi kai tsaye a jikin kwamfuta, ban da abin raba ramukan USB, kuma a kan kwamfutar tebur ramukan baya sun fi na gaba. Duba bakin micro-USB na allon kansa ma, domin ƙurar hunturu tana taruwa a ciki, kuma dalmar da ta riƙe shi tana tsagewa idan an yawaita ja.

Shin kwamfutar ta gane shi?

A Windows, buɗe Device Manager kafin ka soka allon, ka zuba ido, sannan ka soka. Jerin zai ɗan girgiza. Idan sabon layi ya fito ƙarƙashin "Ports (COM & LPT)", misali "USB-SERIAL CH340 (COM5)", an wuce wannan mataki, lambar da ke nan ita ce tasharka. Idan ya fito ƙarƙashin "Other devices" da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, direba ne babu. Idan babu abin da ya motsa sam, koma kan kebul.

Direban da kake buƙata ya danganta da ƙaramin guntun da ke kusa da bakin USB, ba da sunan allon ba. Uno R3 na asali yana amfani da ATmega16U2, wanda direbansa ke zuwa tare da IDE. Nano na asali yana da FT232RL na kamfanin FTDI. Kwaikwayon Uno da Nano da suka cika kasuwa galibi CH340 ne na kamfanin WCH da ke Sin, shi ne guntun nan mai tsawo da ke ƙarƙashin Nano. Allunan ESP32 da NodeMCU kuma CP2102 na Silicon Labs ne, ko CH340, ko CH9102. Ka haska tocilan waya a kai ka karanta rubutun.

In rubutun ya goge, kwamfutar za ta gaya maka. Danna dama a kan na'urar a Device Manager, Properties, Details, ka zaɓi "Hardware Ids". Za ka ga VID da PID. 1A86 da 7523 na CH340 ne, 10C4 da EA60 na CP2102 ne, 0403 da 6001 na FT232R ne, 067B da 2303 na PL2303 ne na Prolific, 2341 kuwa lambar Arduino ce. Ka sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera guntun. Shafukan nan da suke alkawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ka guje su.

Abubuwa biyu game da direba a Windows sun cancanci ambato. Na farko, ƙananan adaftocin USB zuwa siriyal masu PL2303 sukan nuna "Code 10" ko saƙon cewa an daina tallafa wa guntun, saboda sababbin direbobi ba sa aiki da tsofaffin nau'ikan da kuma na jabu. Ra'ayina shi ne kada ka ɓata yini a kansa, nemi adafta mai CP2102 ko CH340. Na biyu, idan allonka na CH340 ya bayyana daidai amma avrdude ya ce "can't set com-state", sabon direba ne bai jitu da guntun ba. A Properties, ƙarƙashin Driver, gwada "Roll Back Driver", ko ka girka tsohon direban da hannu.

A Linux ba a cika buƙatar girka direba ba. Soka allon ka rubuta sudo dmesg, ka duba layukan ƙarshe. Uno na asali zai fito a matsayin /dev/ttyACM0, masu CH340 da CP2102 da FTDI kuma /dev/ttyUSB0. Idan IDE ta ce "Permission denied", sunanka ne ba ya cikin rukunin da ke da izinin tashar. A Ubuntu da Debian ka rubuta sudo usermod -a -G dialout $USER, sannan ka fita daga asusunka ka sake shiga, domin sai an yi hakan izinin yake kamawa. A Arch sunan rukunin uucp ne.

Akwai wata matsala ta musamman da ta addabi masu Ubuntu 22.04. Allon CH340 zai bayyana a dmesg, nan take kuma ya ɓace, a tsakanin layukan za ka ga kalmar brltty. Wannan manhaja ce ta na'urar karatun makafi, kuma tana ɗaukar CH340 a matsayin na'urarta ta ƙwace shi. Idan babu mai amfani da ita a wannan kwamfutar, sudo apt remove brltty ya warware. Idan akwai makaho da ke dogaro da ita, kada ka cire, ka gyara ƙa'idarta ta udev yadda za ta bar lambar 1a86:7523.

A Mac, rubuta ls /dev/cu.* kafin sokawa da bayan sokawa, sabon sunan da ya ƙaru shi ne naka.

Wa ya riƙe tashar?

Tashar siriyal manhaja ɗaya take karɓa a lokaci guda. Idan ka ga "Access is denied" a Windows, wani ya riga ka. Yana iya zama Serial Monitor, wato wurin karanta saƙonnin allo, na wata tagar IDE da ka manta, ko PuTTY, ko shirin Python da ka bari yana karanta bayanai, ko manhajar firintar 3D irin Cura wadda ke leƙa tashoshi tana neman firinta. Rufe su duka, zare allon, sake sokawa. Sannan ka tabbata tashar da ka zaɓa ta allon ce: COM1 a kan kwamfutar tebur yawanci ta cikin kwamfutar ce, kuma Bluetooth ma yana ƙirƙirar nasa tashoshin. Wadda ta ɓace daga jerin idan ka zare kebul, ita ce taka.

An buɗe tashar, guntun ya yi shiru

Yanzu mun zo kan "not in sync". Abu na farko, cire duk abin da ke haɗe da allon. Duka, har ƙarin allon da ake ɗorawa a kansa (shield). Ƙafafu 0 da 1 na Uno da Nano su ne RX da TX ɗin da kwamfuta ke bi ta loda shiri. Idan ka haɗa HC-05 na Bluetooth, ko SIM800L na layin waya, ko GPS a kansu, na'urar tana cusa bakinta cikin maganar, butloda ba zai ji kwamfuta ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa allo yake karɓar shiri jiya, yau bayan an haɗa kayan aiki ya ƙi. Zare wayoyin biyu lokacin lodawa, ko ka mayar da na'urar kan wasu ƙafafun ta hanyar SoftwareSerial. Mai Mega 2560 yana da Serial1 zuwa Serial3, ba shi da dalilin taɓa 0 da 1.

Abu na biyu, zaɓin allo a Tools. Nano ya fi kowa kama mutane a nan. A farkon 2018 Arduino ta canza butlodan Nano zuwa Optiboot mai magana da saurin 115200, alhali tsohon yana magana da 57600. Kwaikwayon Nano da yawa har yanzu da tsohon suke zuwa. Shiga Tools, Processor, ka zaɓi "ATmega328P (Old Bootloader)". Dannawa ɗaya ce, kuma ta ceci alluna masu yawa daga kwandon shara. In bai yi ba, karanta rubutun babban guntun: wasu Nano masu araha ATmega168 ne a kansu, wasu kuma LGT8F328P, wanda ba guntun Atmel ba ne ma, sai an girka masa nasa kunshin allo. Pro Mini kuma iri biyu ne, mai 5V da 16MHz, da mai 3.3V da 8MHz, dole ka zaɓi daidai.

Abu na uku, sake kunnawa. Butloda ba ya sauraro kodayaushe. Yana tashi ne na kimanin daƙiƙa ɗaya bayan an sake kunna guntun, in bai ji kowa ba ya miƙa wa tsohon shiri ragama. Don haka ne kwamfuta take jan layin DTR, ɗaya daga cikin layukan umarni na siriyal, ƙasa a farkon lodawa, wannan motsin ya bi ta kafasita mai 100nF ya taɓa ƙafar RESET. Idan kafasitar ta lalace, ko ka haɗa wani abu a RESET, ko adaftarka ba ta da DTR, kwamfuta za ta yi ta magana babu mai sauraro.

Ga yadda za ka gani da idonka. Ɗora Uno a gabanka babu komai a jikinsa sai kebul. Danna maɓallin RESET ka saki, ka kalli ƙaramar fitilar da aka rubuta L a gefenta, wadda ke kan ƙafa ta 13. Idan ta ƙifta da sauri kamar sau uku, butloda yana raye, guntun yana samun wuta, kuma agogonsa yana bugawa. Yanzu danna Upload ka ci gaba da kallo. Ya kamata L ta sake wannan ƙiftawar da kanta, sannan RX da TX su shiga walƙiya tare. Idan L ba ta ƙifta ba lokacin lodawa amma tana yi idan ka danna da hannu, layin DTR ne ya samu matsala. Idan RX kaɗai ke ɗan ƙiftawa jefi-jefi TX kuma shiru, kwamfuta tana kira, guntun ba ya amsawa.

In matsalar DTR ce, za ka iya lodawa da hannu. Riƙe RESET, danna Upload, ka jira har IDE ta gama haɗa shirin ta rubuta "Uploading", a daidai lokacin ka saki. Sai an ɗan gwada kafin hannu ya kama lokacin. Mai amfani da Pro Mini da adafta ya haɗa DTR na adaftar da ƙafar DTR ta allon, kafasitar tana kan allon tuni.

Akwai gwajin da ke raba gardama tsakanin ƙaramin guntun USB da babban guntu. Zare kebul, haɗa RESET da GND da wayar jampa don babban guntun ya yi barci, haɗa ƙafa 0 da ƙafa 1 da wata wayar, mayar da kebul, buɗe Serial Monitor, rubuta kowace kalma ka aika. Idan kalmar ta dawo maka, daga kwamfuta har zuwa ƙafafun nan biyu komai lafiya, laifin yana babban guntu ko butlodansa. Sai dai ka sani cewa alluna da yawa masu CH340 ba sa mayar da kalmar ko da lafiyarsu ƙalau, saboda yadda aka jera rizistocin layin. A kansu, dawowar kalma hujja ce, rashin dawowarta ba hujja ba ce. Adafta mai zaman kanta kuwa gwajin yana aiki a kanta sosai: haɗa TX ɗinta da RX ɗinta kawai.

ESP32 da ESP8266

Waɗannan butlodansu yana cikin ROM, ma'adanar dindindin ta guntun, ba ya gogewa, wanda hakan abin kwantar da hankali ne. Abin da suke dubawa lokacin tashi shi ne ƙafar GPIO0. Idan tana ƙasa, sai su shiga yanayin karɓar shiri, idan tana sama su tashi da tsohon shiri. Allunan da ke da USB suna da taransista biyu da ke amfani da DTR da RTS su yi wannan da kansu, amma a kan alluna da yawa lokacin ba ya daidaita, sai ka ga "Wrong boot mode detected" ko "Timed out waiting for packet header".

Maganin nan take shi ne ka riƙe maɓallin BOOT da zarar "Connecting" ta fara jan ɗigo, ka saki bayan rubutun lodawa ya soma. Don ka tabbatar allon yana da rai, buɗe Serial Monitor a 115200, riƙe BOOT, danna EN, maɓallin sake kunnawa, ka saki. ESP32 mai lafiya zai rubuta "waiting for download". Idan ka ga wannan, kebul da direba da guntun duk sun wanku. Maganin dindindin kuma shi ne kafasita mai 10µF tsakanin EN da GND, ƙafarta mai alamar ragi a GND, tana jinkirta tashin guntun har GPIO0 ta sauka.

Ka kula da ƙafafun da ESP32 ke dubawa lokacin tashi. GPIO2 kada a ja ta sama lokacin lodawa. GPIO12 idan tana sama lokacin kunnawa, guntun zai ba ma'adanar filasha 1.8V a maimakon 3.3V, kuma a kan mafi yawan alluna hakan yana hana tashi ko rubutu. GPIO6 zuwa GPIO11 na ma'adanar ne, ba a taɓa su. GPIO1 da GPIO3 su ne TX da RX. ESP32-CAM, mai kyamara, ba shi da USB, sai ka haɗa IO0 da GND da waya kafin ka kunna shi, ka loda, sannan ka cire wayar ka sake kunnawa. Masu mantawa da cirewa suna zaton shirin bai shiga ba.

Idan lodawar tana farawa ta yanke a tsakiya, rage Upload Speed daga 921600 zuwa 115200. Za ta ɗauki lokaci kaɗan fiye da da, amma za ta kai.

Wuta

Ramin USB 2.0 yana ba da 500mA. Uno shi kaɗai ba ya cin ko kusa da haka, amma ƙara masa injin servo biyu ko injin juyi (motor), wutar ta faɗi, tashar COM ta ɓace a tsakiyar aiki. ESP32 yana jan wuta da ƙarfi lokacin da Wi-Fi ke tashi, kuma in kebul siriri ne za ka ga "Brownout detector was triggered" yana maimaituwa. SIM800L ya fi su duka, yana iya jan kusan 2A na ɗan lokaci, ba a ciyar da shi daga ƙafar allo. Sa mita tsakanin 5V da GND: idan ka ga abin ya sauka ƙasa da 4.5V, nemi abin da ke shanye wutar. Idan wani guntu ya yi zafin da yatsa ba zai iya zama a kai ba, zare kebul nan take.

Wani abu da ya shafe mu da ke aiki da janareta da inbata: cajar laftof mara kyau, a soket ɗin da ba shi da wayar ƙasa, tana iya shigar da hayaniya cikin layin USB. Idan haɗin yana yankewa ba dalili, zare cajar ka gwada da batir kaɗai. In ya daidaita, ka san inda za ka duba.

Shiri ya shiga, amma rubutun shirme ne

Idan Serial Monitor yana nuna alamomin tambaya da baƙaƙen da ba su da ma'ana, kusan kullum saurin baud ne, wato saurin tura bayanai a siriyal. Siriyal ba ta da wayar agogo, ɓangarorin biyu ne suke yarda tun farko a kan saurin da za su yi magana. Lambar da ke cikin Serial.begin dole ta zama ita ce a akwatin Serial Monitor. A tsarin da aka saba, 8N1, kowane harafi yana cin bit 10, don haka 9600 tana ɗaukar haruffa 960 a daƙiƙa. Bambancin kashi biyu ko uku cikin ɗari ana iya jure shi, fiye da haka rubutu ya lalace.

Idan lambobin sun yi daidai amma shirmen bai tafi ba, gwada rabin saurin ko ninkinsa. In rubutu ya fito a 4800 alhali ka sa 9600, ka zaɓi allo mai 16MHz ne ga guntun da ke gudu a 8MHz. Shirmen da ESP8266 ke fitarwa a farkon tashi kuwa ba matsala ba ne, saƙon ROM ne da ke fita a 74880, sa wannan saurin za ka karanta shi.

Tsakanin allo da wata na'ura, TX na wannan yana zuwa RX na wancan, RX kuma zuwa TX, sannan GND ɗinsu dole ya haɗu ko da kowanne yana da nasa batir. Rashin haɗa GND yana haifar da matsala mai zuwa ta tafi, wadda ta fi wuyar ganewa. TX na Uno yana fitar da 5V, ESP32 kuma na 3.3V ne, don haka sa rizista 1k daga TX zuwa RX ɗin, da 2k daga RX ɗin zuwa GND. Kada kuma ka haɗa allo kai tsaye da tashar RS-232 mai ƙafa tara ta tsofaffin kwamfutoci da injinan masana'anta. Siginarta tana iya kai wa 15V sama ko ƙasa da sifili, kuma a juye take, sai an sa MAX232 ko MAX3232 a tsakani.

Masu tura umarnin AT, wato umarnin rubutu da ake saita na'ura da su, ga SIM800L ko HC-05 su zaɓi "Both NL & CR" a Serial Monitor. HC-05 yana magana a 9600 a aikin yau da kullum, amma a 38400 idan an kunna shi cikin cikakken yanayin AT.

Leonardo, Micro da Pro Micro

Waɗannan ATmega32U4 ne, guntu ɗaya ke riƙe da shiri da USB, don haka shiri mara kyau yana iya ɓatar da tashar gaba ɗaya. Ba su mutu ba. Butlodansu yana buɗe tasa tashar ta daƙiƙa 8 bayan sake kunnawa. A Leonardo danna RESET, a Pro Micro taɓa RST da GND sau biyu da sauri. Buɗe misalin Blink da ke cikin IDE, danna Upload, ka yi wannan sake kunnawar daidai lokacin da "Uploading" ta fito.

Sake rubuta butloda

Wannan shi ne na ƙarshe, sai ga wanda ya ga L ba ta ƙiftawa bayan RESET alhali 5V tana nan. Butloda yakan goge idan an taɓa amfani da "Upload Using Programmer", kuma sabon ATmega328P da aka sayo shi kaɗai sau da yawa babu komai a cikinsa. Kana buƙatar USBasp, na'urar rubuta shiri kai tsaye a guntu, ko wani Uno mai lafiya. Loda misalin ArduinoISP a kan mai lafiyar, haɗa ƙafafunsa 11 da 12 da 13 da takwarorinsu na mara lafiyar, ƙafarsa ta 10 zuwa RESET na mara lafiyar, sannan 5V da GND. Sa kafasita 10µF tsakanin RESET da GND na mai lafiyar. A Tools zaɓi allon da kake gyarawa, tashar mai lafiyar, Programmer ya zama "Arduino as ISP", sannan Burn Bootloader.

Ka karanta lambar shaidar guntun da avrdude, manhajar da ke loda shirin, ya nuna. 0x1e950f shi ne ATmega328P. Idan ya nuna 0x000000, sake duba wayoyi shida ɗin, in suna daidai to kiristal ɗin 16MHz ne ba ya bugawa ko guntun ya mutu. A kan Uno mai dogon guntu a soket, ɗaga shi a hankali da ƙaramin sukudireba daga gefe biyu, ka sa wani a madadinsa, ɓangaren da ke da tsaga yana fuskantar inda na farko ya fuskanta.